ƘIRJIN ARO

'Yan uwana mata, uwargida ran gida, amarya, da ku ƙannena 'yan mata masu ɓoye littafi a ƙarƙashin matashi don kada Inna ta gani. Wannan karon tsegumi na kawo muku, kuma tsegumin a kan sana'armu ta rubutu ne, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da irin mazan da ake zana mana a littattafan soyayya na yanzu, na takarda da waɗanda ake turowa ta waya shafi-shafi.

Ki ɗauki littafi goma ki jera, na yi imani a cikin takwas jarumin mutum ɗaya ne, suna kawai aka canza masa. Yana da ɗakin motsa jiki a saman benensa, da asuba ya shiga ya yi ta ɗaga ƙarfe, ya fito da tawul a wuya gumi na tsatsafo masa, ƙirji faffaɗa kamar faifai, damtse a murɗe, jijiyoyi sun tashi raɗa-raɗa, ciki ya rabu gida shida. Marubuciya za ta ci shafi biyu cur a kan jikin nan, amma ki nemi layi ɗaya da zai faɗa miki yadda yake gaida mahaifiyarsa ko yadda yake biyan ma'aikatansa, ba za ki samu ba. Kuma dole ya zama miskili mai zafin rai, magana ɗaya biyu ya daka tsawa, ya yi jifa da kofi, ya fizgi hannun yarinya har ya yi shati, ita kuwa ana ce mana wai zuciyarta bugawa take don so. Tabɗi! Mu dai a da jarumin littafi malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa mai shadda da hula zanna, abin da yake sace zuciyar budurwa da shi lafazi ne da iya rubuta wasiƙa. Ban ce wancan ba shi da nasa aibin ba, shi ma ƙaryar kuɗi da motoci ta yi masa yawa, amma dai bai taɓa tura ɗan kowa kemis neman allura ba.

To daga ina aka samo wannan jikin? Ba dai daga filin dambe ba. Duk wadda ta taɓa ganin 'yan dambe lokacin kaka, ko hoton su Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ta san jikinsu na mahauta ne da manoma, a ɗaure yake tamau amma babu kumburi. 'Yan kokawar Nijar masu neman takobi kuwa ƙarti ne majiya ƙarfi, sai dai da yawansu da tumbinsu, babu mai ƙirga layi a cikinsu. Wannan jikin na littafi daga akwatin talabijin ya fito. Muna yara aka kawo mana kaset ɗin Komando na 1985 da na Rambo, ƙannenmu maza suka dinga ɗaura tsumma a ka, suna zuba siminti a gwangwanin madara suna soka ƙarfe a tsakiya suna ɗagawa a soro. Indiya ma da muka fi so ba ta tsira ba. Amita dogo ne siriri, Rajesh Khanna da ɗan tumbinsa, haka muka so su. Sai ga Salman Khan a 1998 ya fito ba riga yana kaɗa jita, Sharu Khan ya biyo da cikinsa mai layi shida a Om Shanti Om a 2007, Amir Khan ya zo da Gajini a 2008, tun daga nan jarumin da bai tuɓe riga ba kamar bai yi fim ba. Waɗannan na Indiya ba na ɗora wa kowannensu laifin shan wani abu, abin da nake cewa shi ne sun canza mana ido, marubutanmu kuma suka kwafo ba tare da sun tambayi nawa ne kuɗin kayan ba.

Na Amurka kuwa ai su suka faɗa da bakinsu. Shi Komandon, wato Anold Shwazinega, wanda ya ci gasar gina jiki ta Mista Olimpiya har sau 7, bai ɓoye ba cewa ya yi amfani da sitiroyid lokacin da yake gasa, yanzu ma da ya manyanta gargaɗin samari yake yi su guji abin. Rambo, wato Silbesta Sitalon, a 2007 jami'an kwastan na Ostareliya suka same shi da kwalabe 48 na sinadarin ƙara girma, ga kuma na testosteron, ya amsa laifi a kotu aka ci shi tara. Holk Hogan na kokawar Turawa, mai ce wa yara su yi motsa jiki su sha bitamin, a 1994 ya tsaya gaban kotu ya yi rantsuwa ya ce ya shekara fiye da 10 yana amfani da sitiroyid. Wato jikin da aka ce samarinmu su kwaikwaya, masu shi ma aro suka yi.

Bari in ɗan tsaya in yi bayanin abin, don na san wata za ta ce mene ne kuma sitiroyid. A jikin kowane namiji akwai wani sinadari da marainansa ke yi, sunansa testosteron, shi ne yake buɗe wa yaro murya idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya ƙara masa tsoka da sha'awa. A 1935 masana a Turai suka gano yadda za su haɗa shi a ɗakin bincike, daga nan aka yi ta ƙirƙiro 'yan uwansa, na allura da na haɗiya, irin su Dianabol da ya fito a 1958, da Deca-Durabolin, da Sustanon. Asalinsu magani ne na gaskiya, likita kan ba wa namijin da jikinsa ba ya yin sinadarin, ko majinyacin da ciwo ya cinye masa nama. Masu ɗaga ƙarfe suka ce dama ta samu, suke ɗirka wa kansu ninkin ba ninkin abin da likita zai rubuta.

Kuma kada in yi muku ƙarya, abin yana aiki, shi ya sa ma ya zama masifa. A 1996 likitoci a Amurka suka raba maza kashi huɗu na tsawon mako 10. Waɗanda suka yi ta ɗaga ƙarfe ba allura sun ƙara kimanin kilo 2 na tsoka. Waɗanda aka yi wa allura suka zauna ba su ɗaga ko tsinke ba sun ƙara kimanin kilo 3. Waɗanda suka haɗa biyun kuwa kilo 6. Ki duba fa, mai zaman banza da allura ya fi mai wahala ba allura. To yaron da ya shekara biyu yana fama a gidan motsa jiki, ya ga wanda ya zo jiya-jiya ya wuce shi cikin wata uku, budurwarsa kuma kullum tana karanta masa siffar jarumin littafi tana lumshe ido, me kike zaton zai yi ranar da wani ya ja shi gefe ya nuna masa 'yar kwalba? Da yawa suna zaton abin na 'yan wasa ne masu neman lambar zinare, saboda labarin Ben Jonson na Kanada da ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a gasar Olimfik ta Siyol a 1988, bayan kwana uku aka ƙwace lambar don an samu sitiroyid a fitsarinsa. Alhali mafi yawan masu amfani da shi a duniya ba sa wata gasa, madubi kawai suke yi wa, da hoton da za su ɗora a Instagram, da mu mata.

Yanzu na zo inda nake son uwargida ta ajiye tsintsiya ta saurara, domin nan ne abin ya shigo ɗakinmu.

Ki ɗauka akwai gidan da kullum safe da rana da dare maƙwabta ke aiko da kwanon abinci shaƙe, har a ci a bari. Kwana nawa matar gidan za ta yi tana hura wuta? Za ta daina, murhu ya yi sanyi, tukunya ta yi yana. Haka jikin namiji yake. Ƙwaƙwalwa ce take aika saƙo ga maraina cewa su yi aiki, idan ta ga jini ya cika da sinadarin da aka zuba daga waje sai ta ce an ƙoshi, ta daina aikawa. Maraina su zauna ba aiki, har ƙanƙancewa suke yi. Matsalar ita ce wutar murhun nan ba abinci kaɗai take dafawa ba, da ita ake yin ƙwayoyin haihuwa, kuma na cikin kwalba ba ya iya maye gurbinta a nan. Sai ki ga namiji ƙato, ƙirji ya cika riga, sha'awa ma ta ƙaru lokacin da yake kan allurar, ruwan jikinsa yana fita yadda ya saba babu abin da ido zai gani, amma a ciki babu iri. Ta yaya za ki ce wa irin wannan mutumin matsalar daga gare shi take? Sai ya ce ki dube shi da kyau.

Wannan ba zancen zaure ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin tsarin iyali na maza. A sakamakon da aka fitar a 1990, maza 271 a ƙasashe 7 aka dinga yi wa allura duk mako, cikin wata 6 kimanin kashi 65 cikin ɗari ƙwayoyin haihuwarsu suka ɗauke ƙaf, kuma a cikin waɗanda suka ɗauke ɗin, ciki ɗaya tak aka samu duk tsawon gwajin. Abin da aka ba su bai kai abin da 'yan ɗaga ƙarfe da yawa ke yi wa kansu ba. Ashe ke nan saurayin da ke cewa shi ba ruwansa da tsarin iyali, 'ya'ya goma yake so, da kuɗinsa yake sayen allurar hana haihuwa yana murna.

Wata baiwar Allah cikin masu karanta littattafaina ta turo mini saƙo mai tsawo, ta ce in na ga dama in yi littafi da shi. Shekararta huɗu da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An kai ta asibiti an yi hoto, an yi wankin mahaifa, an ce lafiyarta lau. An kai ta wurin mai magani a ƙauye, ta sha sassaƙe da jiƙo har sai da cikinta ya ɗure, ta sha rubutu, an ce iska ce, an ce jinnul ashiƙ ne, an yi mata hayaƙi. Uwar miji ta fara habaici, in an yi baƙi ta ce “ai mu gidan nan kaza muka ajiye mai cin dawa ba ƙwai.” Dangin miji suka sa shi gaba sai da ya ƙara aure, amarya ta shekara ita ma shiru, aka ce ai uwargida ce ta yi mata asiri. Duk wannan bidirin babu wanda ya taɓa cewa maigida ya je a auna shi, don wa zai kalli wannan ingarman ya yi zargi? Ita ce mai gyara masa durowa, ita ta saba ganin 'yan ƙananan kwalabe da sirinji a bayan kayansa, in ta tambaya ya ce na ƙarin kuzari ne, na 'yan jim. Sai da ƙaninta mai karatun aikin jinya ya ga kwalbar ya riƙe baki. Da na karanta saƙon nan na rasa abin cewa, mata biyu sun zama abokan gaba, an zubar da mutuncin ɗaya a dangi, saboda abin da bai fi ɗan yatsa tsawo ba.

Likitoci sun ce a cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan rabi akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ku nuna mini littafin Hausa nawa ne suka taɓa faɗin haka. A wurinmu juya kullum mace ce. Ita ce mai kuka a kan sallaya, ita ce ake yi wa kishiya a babi na bakwai, in marubuciya ta ji tausayinta sai ta ba ta tagwaye a babin ƙarshe bayan haƙuri. Shi kuwa gogan yana can saman bene yana ɗaga ƙarfe, ba a taɓa shi.

Ba haihuwa kaɗai ba ce. Jiki yakan juya wani kaso na sinadarin ya koma irin na mata, sai ki ga namiji ya fara ƙirgen dangi, wani sai an yi masa aiki an cire. Ƙuraje su feso a baya da kafaɗa manya-manya masu ruwa, gashin kai ya zube tun ana saurayi. Na haɗiya suna cin hanta. Jini ya hau, ya yi kauri, ita kanta zuciya da yake tsoka ce sai ta yi ƙato ta kasa bugawa yadda ya kamata. Yaron da ya fara tun bai gama girma ba ƙashinsa na iya rufewa ya tsaya a nan. In kuma allura ɗaya ake zagayawa da ita tsakanin abokai, to ga ciwon hanta ga ƙanjamau, kuma ƙarshenta gadon wa za su sauka? A ƙasar Denmak an bi diddigin maza 545 da aka kama da sitiroyid a gidajen motsa jiki, aka gwada su da tsararrakinsu da ba sa yi, a 2019 aka bayyana cewa mutuwa a cikinsu ta ninka ta sauran sau uku. Wani shahararren mai gina jiki ɗan Ostiriya, Andiriyas Munza, wanda ake yi wa kirari da cewa babu ɗigon kitse a jikinsa, ya mutu a 1996 yana da shekara 31, da aka buɗe shi aka tarar hantarsa cike da ƙari.

Sai kuma fushi. Ba kowa yake samu ba, amma sananne ne cewa wasu in suna kan allurar ransu a kusa yake, abu kaɗan su hau, gishiri ya yi yawa a miya ya zama abin fasa kwano. In suka daina kuma sai a koma ɗaya gefen, murhun nan da ya mutu bai riga ya kama ba, kwanon maƙwabta kuma ya yanke, sai kasala da baƙin ciki da rashin barci, shimfiɗa ma ta gagara, tsokar da aka tara ta fara zagwanyewa kamar kankara a rana. Shi ya sa da yawa suke komawa. To ku dubi ikon Allah, siffar da marubutanmu suke jerawa a matsayin ado, wato ƙaton damtse da jan ido da tsawa da canzawar hali tsakanin safe da yamma, in ka kai wa likita ita a rubuce ba tare da ka ce littafi ba ne, tambayar farko da zai yi ita ce me mutumin yake sha. Mu kuma muna koya wa yarinya 'yar shekara 17 cewa in ya murɗe mata hannu so ne ya yi masa yawa. Haba jama'a!

Kada wata ta ɗauki wannan rubutu ta je ta tayar wa mijinta da hankali don ta ga yana motsa jiki. Motsa jiki alheri ne, da ma mazanmu masu zaman shago daga safe har dare da lemon kwalba a hannu za su dinga yi, da hawan jini da ciwon suga sun ragu a gidajenmu. Akwai kuma masu jiki na halitta, akwai waɗanda suka gina nasu da wake da ƙwai da shekaru na haƙuri. Na gaskiya a hankali yake zuwa kamar ginin ƙasa. Wanda za ki sa wa ido shi ne wanda ya kumbura cikin wata biyu uku, ga ƙuraje a gadon baya, ga hali ya canza, ga kwalabe ana ɓoyewa. Kuma ba 'yan ƙarfe kaɗai ba, akwai magidanta masu zuwa kemis a yi musu allurar testosteron wai don ƙarfin ɗaki, ba gwaji ba takardar likita, su ma rijiya ɗaya suke faɗawa.

Mata ma an yi musu, kuma nasu ya fi ban tausayi don ba da saninsu ba ne. A tsohuwar Jamus ta Gabas, daga 1974 gwamnati ce da kanta ta tsara yadda za a dinga ba 'yan wasa wata shuɗiyar ƙwaya mai suna Oral-Turinabol, ana ce wa yara mata bitamin ne, wasu ba su kai shekara 14 ba. A gasar Olimfik ta 1976 a Montiriyal 'yan matansu masu ninƙaya suka kwashe zinare 11 cikin 13, duniya na mamakin faɗin kafaɗunsu da kaurin muryarsu. Bayan ƙasar ta rushe aka buɗe takardu, matan suka fito suna ba da labarin gashi a fuska, da rikicewar al'ada, da ciwon hanta, da ɓari a kai a kai. A 2000 kotu a Balin ta samu shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da laifi, amma ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka aka yi masa, ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku a kan hukuncin ba. Muryar mace kuwa in ta buɗe ta buɗe ke nan, ba ta komawa.

Na san wata tana can tana cewa Allah Ya tsare mu da haukan Turawa. To 'yar uwa, leƙa jakarki. Alƙalamin da ya zana namiji mai ƙirji shi ne ya zana jaruma mai cikar ƙugu da ƙirji, fara sol kamar a taɓa jini ya fito, kuma shi ya tura amare neman sha-ka-fashe ana saura wata ɗaya biki. Ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda, sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, su ma sitiroyid ake ce musu, sai dai gidansu daban da na masu ɗaga ƙarfe, su na asma ne da kumburi da ciwon gaɓɓai. Ƙibar da suke kawowa ruwa ne da kitse, fuska ta yi tulu, ciki da doron wuya su cika, hannu da ƙafa kuwa su sirance, fata ta tsage, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Wadda ta daɗe tana sha ma bai kamata ta yanke rana ɗaya ba, sai likita ya rage mata a hankali, in ba haka ba tana iya faɗuwa. Mayukan bilicin da yawa na tub su ma danginsu ne. Shi yana huda cinya don ya burge ta, ita tana haɗiyar ƙwaya don ta burge shi, dukansu suna kwaikwayon mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba sai a takarda. Wannan zance ne mai tsawo, sai na ware masa nasa shafin.

Abin da zai kwantar wa uwargida da hankali shi ne yawancin maza in suka daina, iri yana dawowa. Jiki yana ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya gama yin sabbin ƙwayoyin haihuwa, wanda bai daɗe yana yi ba cikin 'yan watanni yakan warware, wanda ya shekara da shekaru kuwa yana iya kai shekara ɗaya ko biyu, wani sai likita ya taimaka da maganin da zai sake tayar da murhun, akwai kuma 'yan kaɗan da ba sa komawa daidai. Gwajin namiji ba shi da wahala ko kusa da namu, ba ƙarfe ba wanki ba kwanciya a gado, zai ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da ruwansa a ɗakin gwaji, a duba a madubin likita. Wahalar ɗaya ce, yadda za a kai shi. Ba a tsakar gida ake faɗa ba, ba gaban kishiya ba, ba kuma lokacin da rai ya ɓaci ba. Wata ta fi gane ta ce, “Yaya, likita ta ce ba za ta ƙara duba ni ba sai mun zo tare,” wata kuma sai ta bi ta hannun amininsa ko wansa da yake jin nauyi. In kin samu kwalbar ki ɗauki hotonta a waya ki nuna wa likita, sunan da ke jiki zai rage masa rabin aiki.

Su kuma 'yan uwana marubuta, ba na ce ku mayar da jaruminku mai tumbi da sanƙo ba, na san kasuwa, na san abin da 'yan mata ke so su biya kuɗi su karanta. Ku bar masa ƙirjinsa in kuna so. Babi ɗaya kawai nake roƙo a ƙara, wanda har yau ban ci karo da shi ba a duk tarin littattafan da ke ɗakina. Kullum kuna tsayawa ne a daren da aka kai amarya, ƙawaye sun watse, ango ya shigo da ledar kaza. Ku ɗan matsa gaba shekara uku. Ku kai mu layin asibiti da safe, ita tana zaune a benci da katinta da ya tsufa don yawan zuwa, shi yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu rigar ta ɗame shi, yana duba agogo don wai rakiya ya yo. Hajiyarsa tana gida tana jiran a dawo ta ji me aka ce yarinyar nan take da shi. A kira su su shiga, likita ta gama karanta takardun matar ta ajiye gefe, ta cire tabarau, ta juya wajensa ta ce, “Malam, bismillah ga kujera, akwai allura ko ƙwayar da kake amfani da ita?”